Liman, Magajin Gari ko Mai Gabatar da Biki: Wane Ɗaurin Aure Doka Ta Sani a Nijar?

A Tawa, akasarin aure ana ɗaura shi ne a ƙofar gidan uban amarya ko a masallacin unguwa, inda ake shimfiɗa tabarmi, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a faɗi sadaki a gaban jama'a, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, sannan a raba goro da dabino. Sau da yawa ango ba ya wurin, domin yana iya kasancewa a Abijan ko a Libiya wajen ci-rani, kuma babu wanda zai tashi daga tabarmar nan da shakkar cewa aure ya ɗauru, ko kuma arme, kamar yadda bakin Adar, wato yankin Tawa, yake faɗa. Shakka tana zuwa ne bayan shekaru, ranar da aka nemi takardar aure a wurin biyan fansho, ko a ofishin jakadanci, ko a gaban alƙali, aka tarar babu ita. Wanda ke shirin aure a Tawa ko a Yamai yana da hanyoyi uku a gabansa: ɗaurin aure na addini da al'ada, ɗaurin aure a ma'aikatar magajin gari wadda muke kira meri, da kuma biki irin na zamani wanda ake yi a zauren taro da mai gabatarwa da musayar zobe. Nauyinsu a idon doka ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba ya tsayawa ga wanda ya jagoranci taron.

Dalilin da ya sa lamarin yake da rassa shi ne cewa Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya da ya hau kan kowa. An yi yunƙurin samar da shi a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, kuma duka biyun sun tsaya saboda adawar ƙungiyoyin addini. Abin da ake aiki da shi tsari ne mai ƙafa biyu. Tun dokar 1962 da ta tsara kotunan ƙasa, wadda aka sabunta a 2004 da kuma 2018, an umurci alƙalai su yi hukunci da al'adar masu shari'a a kan abin da ya shafi aure, saki, dangantakar ɗa da mahaifi, da gado, matuƙar al'adar ba ta saɓa wa doka da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba. A ƙasar Hausa kuwa, abin da kotu take kira al'ada ya daɗe da cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, har ba a iya raba su. A gefe guda kuma akwai kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, wanda yake hawa kan waɗanda suka zaɓe shi. Saboda haka mutum biyu 'yan unguwa ɗaya suna iya yin aure rana ɗaya, amma dokar da za ta yi musu hukunci idan rigima ta taso ta bambanta.

Abu na farko da ya kamata a fahimta game da ɗaurin aure na Musulunci shi ne cewa liman ba ya cikin rukunansa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai suke karantawa a zaurukan malamai daga Tawa har Damagaram, ta faɗa a sarari cewa babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Waliyyi shi ne mai bayarwa, ango ko wakilinsa shi ne mai karɓa, kuma da zarar an furta sigar bayarwa da ta karɓa aure ya ƙullu. Aikin liman shi ne ya yi huɗuba, ya tambayi abin da ya kamata a tambaya, ya tabbatar matar ba ta cikin idda kuma babu shayarwa ko wata dangantaka da ta haramta auren, ya rufe da addu'a. Wannan aiki ne mai girma, kuma limamin da ya san fiƙihu yana hana ɓarna da yawa, amma da za a kawo babban malami daga Yamai ya yi doguwar addu'a ba tare da waliyyi na gaskiya ba, da auren bai inganta ba. Don haka tambayar da mutanen Turai da Amurka suke yawan yi, wato ko mai ɗaura auren yana da lasisi, ba ita ce ta dace da mu ba. Tamu tambayar ita ce ko wanda ya bayar yana da ikon bayarwa, ko matar ta yarda, da kuma ko shaidun za su iya tsayawa su faɗi abin da suka ji.

Wannan aure ingantacce ne a wurin kotunan Nijar, kuma duk wanda ya ce wa mace aurenta ba aure ba ne don ba a je meri ba, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Rauninsa yana wajen hujja. Shaidu suna tsufa, suna ƙaura, suna rasuwa, kuma ma'aikacin asusun CNSS da ke biyan kuɗin iyali da fanshon ma'aikatan kamfanoni, ko na CARENI da ke kula da fanshon ma'aikatan gwamnati, takarda yake dubawa, ba ya kiran mutanen unguwa su ba da labarin goron da aka raba. Takardar da wani masallaci ko wata ƙungiyar addini ta bayar tana da amfani a matsayin shaida, amma ba ita ce takardar aure ta hukuma ba.

A nan ne ake samun ruɗanin da, a ganina, ya fi kowane cutar da mutane. Zuwa meri iri biyu ne, kuma jama'a suna kiran duka biyun da suna ɗaya. Akwai zuwa domin a bayyana auren da aka riga aka ɗaura bisa addini da al'ada, a rubuta shi a rajista, a karɓi takarda. Akwai kuma zuwa domin jami'in gwamnati ya ɗaura auren da kansa bisa kundin dokar farar hula. Na farko bai canza komai daga hukuncin auren ba, domin auren yana nan a ƙarƙashin al'ada kamar yadda aka ƙulla shi, illa dai yanzu gwamnati ta san da shi. Dokar rajistar al'umma ta 2019, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta ba da kwana 60 domin a bayyana aure, kamar yadda ta bayar ga haihuwa da mutuwa, kuma ta tanadi cibiyoyin bayyanawa kusa da jama'a domin kada nisa ya zama hujja. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai ya bi ta kotu ya nemi hukuncin alƙali da zai tsaya a madadin bayyanawar, da shaidu da zirga-zirga da kashe kuɗin da da farko ba a bukata. Na sha jin magidanta suna ƙin kai aurensu meri saboda tsoron kada a hana su ƙara aure, alhali bayyanawa ba ta hana wannan, kuma wadda take biyan kuɗin wannan tsoro ita ce matar da za a bari da marayu ba tare da takarda ba.

Ɗaurin aure bisa kundin farar hula kuwa wani ƙulli ne dabam, kuma a nan ne matsayin mai ɗaurawa yake zama sharaɗi. Jami'in rajistar al'umma ne kaɗai yake da wannan iko, wato magajin gari ko wanda doka ta ba shi wakilcinsa, kuma ikon nasa yana tsayawa ne a iyakar gundumarsa. Yamai tana da gundumomi 5, birnin Tawa yana da 2, kuma tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, jami'an da aka naɗa su riƙe gundumomin ne suke zaune a kujerun zaɓaɓɓun magadan gari. Ana kai takardun haihuwa da na shaidar zama, ana liƙa sanarwar auren kafin ranar domin mai ƙorafi ya fito, sannan ango da amarya su bayyana da kansu tare da shaidu, kowannensu ya amsa da bakinsa, su sa hannu. Babu wakilci a nan. Ɗan ci-ranin da aka ɗaura masa aure yana Abijan ta bakin ƙanen mahaifinsa ba zai iya yin haka a gaban magajin gari ba, sai ya zo da ƙafarsa.

Abin da ake sa wa hannu ya fi bikin nauyi. A ƙarƙashin wannan kundi mutum ba ya ƙulla aure na biyu kafin na farko ya warware, wato mace ɗaya ce. Miji ba ya sakin matarsa da furucin baki ko da 'yar takarda, domin alƙali ne kaɗai yake raba auren, bayan an shigar da ƙara an kawo dalili. Kundin ya kuma san tsarin haɗa dukiyar ma'aurata da tsarin raba ta, kuma wanda yake son tsari na musamman sai ya je wurin notar, jami'in da ke rubuta yarjejeniya da hatimin hukuma, tun kafin ranar aure. A fiƙihu kuwa dukiyar mace tata ce, ta miji tasa ce, ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji, yana da damar auren mata har huɗu bisa sharaɗin adalci, saki yana hannunsa, ita kuma tana da hanyar hul'i ko ta kai ƙara a raba. Ko a nan ma sakin yana bukatar a kai shi gaban alƙali a tabbatar da shi a rubuce, in ba haka ba matar za ta gama idda a wurin malamai amma a rajista tana nan matar aure. Alƙalin da ke sauraron irin wannan shari'a yana zama ne da mataimaka masana al'adar masu ƙara, kuma kafin a kai gare shi sarakunan gargajiya suna da ikon sulhu, haka ma ƙungiyar Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974 zamanin Seyni Kountché ta daɗe tana sasanta ma'aurata a Yamai. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba kowa ya sani ba: idan al'adar miji da ta mata suka saɓa, kamar Bahaushe ya auri Bazabarma ko Ba'abziniya, al'adar matar ce ake bi a batun aure da rabuwa, matuƙar 'yar ƙasa ce.

Kuskure mafi tsada shi ne a haɗa hanyoyin biyu ba tare da an san abin da aka haɗa ba. Ma'aikaci ya ɗaura aure a masallaci da safe, da yamma a tafi meri da jerin motoci saboda hoto ya yi kyau, a sa hannu bisa kundin farar hula, sannan bayan shekara goma ya ƙara aure bisa sunna. A wurin malamai aurensa na biyu halal ne, amma a wurin kundin da ya sa wa hannu da kansa ya ƙulla abin da aka hana shi, kuma ranar rabon gado ko fansho amarya da 'ya'yanta ne za su tsinci kansu a tsakiyar rigimar da ba su suka haddasa ba. Game da shekaru, kundin ya sa 18 ga namiji da 15 ga mace, al'ada kuwa ba ta yanke adadi ba, kuma wannan giɓi yana cikin abubuwan da aka fi jayayya a kansu duk lokacin da aka tayar da maganar dokar iyali.

Ga Kiristocin Yamai da na yankin Tawa lissafin ya fi sauƙi, tun da auren mace ɗaya da kundin ya tanada ya yi daidai da koyarwar coci. Cocin Katolika yana sharɗanta a yi auren a gaban fada ko dikon da shaidu biyu, amma takardar da hukuma take aiki da ita daga meri take fitowa.

Lamarin yana sake kama idan aka ƙetare iyaka, kuma mutanen Adar, waɗanda ci-rani ya zame musu gado, su ne suka fi bukatar sanin wannan. A Kodebuwa, tun dokar 1964 har zuwa wadda ta maye gurbinta a 2019, auren da jami'in gwamnati ya ɗaura ne kaɗai yake da ƙarfin doka, saboda haka fatihar da aka shafa a wani masallaci a Abijan ba ta sa hukumar can ta ɗauki mutum biyu a matsayin miji da mata. A Najeriya akasin haka ne, domin auren Musulunci da na al'ada ingantattu ne da kansu, auren rajista kuma na mace ɗaya ne, kusan kamar yadda yake a wurinmu. Senegal ta bi hanya ta tsakiya tun kundinta na 1972, inda ake tambayar miji ya zaɓa tsakanin mace ɗaya, ko adadi ƙayyadadde, ko har huɗu, a rubuta zaɓin nasa. Mali kuma ta amince da auren addini a kundinta na 2011.

Faransa ce ta fi tsanani. Tun 1792 aure a can aikin gwamnati ne, ana liƙa sanarwa kwana 10, ana kawo shaidu daga 2 zuwa 4, kuma malamin addinin da ya mayar da ɗaura aure kafin na meri al'adarsa yana fuskantar ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 7,500. Ɗan ƙasar Faransa ba ya aure ta hanyar wakili ko da a wata ƙasa aka ɗaura, kuma ba a ba mai mata biyu izinin kai su duka Faransa. A Ingila kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2020 a kan wani aure na Musulunci da aka ɗaura a wani gidan cin abinci a Landan a 1998 ba tare da an bi ƙa'idar rajista ba, ta ce bikin bai kai matsayin aure a dokar ƙasar ba, bayan ma'auratan sun yi shekaru da yawa tare har da 'ya'ya. Darasin da ke ciki ga ɗalibinmu ko ɗan kasuwarmu shi ne cewa ƙasashe da yawa suna auna ingancin aure da dokar wurin da aka ɗaura shi. Auren da aka ɗaura a Tawa aka bayyana shi a meri yana da takardar da za a iya gabatarwa a waje, amma irinsa sak da aka ɗaura a ɗakin wani malami a Paris ba shi da ita.

Hanya ta uku, wato bikin alama, baƙuwa ce da ta shigo ta hotunan intanet. A Faransa ma'aurata sukan gama da meri cikin 'yan mintoci, sannan su shirya wani taro a lambu inda aboki ko wanda aka ɗauka haya zai jagoranci alkawura da musayar zobe, kuma kowa ya san wannan taro ba shi da wani tasiri a doka. A Amurka abin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, domin a jihohi da yawa aboki yana iya samun naɗin limanci ta intanet ya ɗaura aure ingantacce matuƙar ma'auratan sun karɓi lasisin aure daga hukuma, a jihar Kolorado ma suna iya ƙulla aurensu da kansu ba tare da kowa ya jagoranta ba. Wanda ya ga irin wannan a Facebook ya zaci zai yi aiki a Yamai ya yi kuskuren wuri. Mai gabatar da biki a zauren otal, komai iya maganarsa, ba waliyyi ba ne kuma ba jami'in rajista ba ne, saboda haka abin da ya furta bai halatta komai ba a addini, bai kuma rubuta komai ba a hukuma. Ba na ganin laifin wannan taro idan an ajiye shi a matsayinsa, domin mu ma muna da namu bukukuwan da ba su ne auren ba, kamar sa lalle da wankan amarya da kai ta ɗakinta, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar su a madadin fatiha. Haɗarin yana ga wanda zai yi amfani da shi ya yaudari mace, musamman baƙuwa ko wadda danginta suke nesa, ya nuna mata zobe da hotuna a matsayin aure.

Ga mafi yawan Musulmin Tawa da Yamai, manomi ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci, zaɓin da na fi gamsuwa da shi shi ne a ɗaura aure bisa addini da waliyyi na gaskiya da shaidun da aka sani, sannan a bayyana shi a meri cikin kwana 60. Wannan ya ba da halacci, ya ba da takarda, kuma bai shigar da kowa cikin dokar da bai yi niyya ba. Ya kamata dangin amarya su mayar da wannan sharaɗi tun lokacin da ake maganar sadaki da kayan lefe, domin a lokacin ne maganarsu take da ƙarfi, bayan tarewa kuwa sai yadda ango ya ga dama. Mai mata fiye da ɗaya ya bayyana kowane aure dabam, don kada wata ta riƙe takarda wata ta riƙe labari.

Auren kundin farar hula ya dace da waɗanda suka zauna suka yarda, su biyu, cewa mace ɗaya suke nufi kuma ba sa son rabuwa ta kasance a hannun mutum ɗaya, da waɗanda addininsu ko ƙasarsu ta bambanta, da kuma wanda zai zauna a ƙasar da ba ta san wani aure ba sai na gwamnati. Macen da take son kariya daga kishiya ko daga sakin gaggawa za ta sami abin da take nema a nan fiye da ko'ina, amma ta sani cewa fita daga auren ma zai yi mata tsawo idan zaman ya ƙi daɗi, tun da sai an bi matakan kotu. Namijin da yake jin a ransa cewa wata rana zai ƙara aure, gara ya faɗi gaskiya tun yanzu ya tsaya ga bayyanawa. Wanda kuma yake zaune a Kodebuwa ko Faransa kuma a can zai yi auren, to ya fara da meri na can kafin ya kira liman.

Ranar da aka je meri, kafin kowa ya ɗauki alƙalami, a tambayi jami'in a fili ko bayyana auren al'ada ake rubutawa ko ɗaura aure bisa kundi, a kuma karanta abin da aka cike a takardar. A duba cewa sunan ango da na amarya sun zo daidai da yadda suke a takardun haihuwarsu, harafi da harafi, domin Abubakar da aka rubuta Boubacar a wata takarda kuma Aboubacar a wata ya isa ya tsayar da fansho ko biza, kuma gyaransa ma sai an koma gaban alƙali.